Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wankin Kas a Rumfar Baffa

Makon jiya na tsaya a kan dawowarmu Umdurman daga Mai Wurno, da niyyar shiga maganar auren Yaya. Sai wani ɗan'uwa ya turo mini hoton tsohon faifan tagulla na ganga, ya yi baƙi ƙirin, yana tambaya ko ya bi shi da samfefa. Auren Yaya ya jira tukuna.

Mutanen Sudan kas suke ce wa faifayen nan da ake haɗawa da gangar nuba a wurin zikiri. Akwai kuma manya na 'yan badujala da masu kiɗan biki. Duk suna zuwa rumfar Baffa a kasuwa, kuma duk wanda ya kawo, magana ɗaya yake ji: "Dauɗa ake wankewa, ba shekaru ba." Duhun nan mai kama da gasasshen bunni, wato 'ya'yan gahawa, da ke kwanciya a kan tsohuwar tagulla ba ƙazanta ba ne. Shi ke tausasa amon, makaɗa da yawa ma nemansa suke yi.

Kafin ruwa ya taɓa faifai, a san ƙarfensa. Na ƙwarai, irin ƙirar Turkiyya da gidan Zildjian ya fara a Istanbul a 1623, kashi 80 jan ƙarfe ne, kashi 20 kuza. Na araha jan ƙarfe ne da tutiya, launinsa ya fi rawaya, shi ne kuma ya fi saurin ɓaci da tsami. A duba tambari. Wanda aka buga cikin ƙarfe ba ya zuwa ko'ina, amma na tawada wanki ɗaya mai ƙarfi zai tafi da shi. A kwance igiyar fatar da ke ramin tsakiya, domin a ƙarƙashinta gumi ke taruwa, nan kore ke fara fitowa. A ɗaga faifan a haske a nemi tsaga a baki da kewayen ramin.

Sannan ruwan ɗumi da hannu zai iya jurewa, sabulun wanke-wanke kaɗan, da tsumma mai laushi. Faifan yana da siraran layuka da suka zagaye shi tun daga ƙira. A bi su a zagaye, kar a gitta su. Tsohon buroshin haƙori yana fito da abin da ya maƙale a ciki. Wanki biyu haka, rabin faifayen da ake kawowa sun gama, sai dai mai kaya ya tsaya yana kallon Baffa kamar an cuce shi don bai ga walƙiya ba.

Idan baƙin ya yi kauri har ya danne amo, sai tsamiya, wadda a Sudan ake kira aradeb. Cikin hannu ɗaya a rabin lita na ruwan ɗumi, ta jiƙa rabin awa, a dama a tace ta yi kaurin kunu. A fara gwadawa a bayan faifan, wuri kamar faɗin babban yatsa. Minti 2 zuwa 3, a ɗauraye. Gara a maimaita sau uku da a bar ta ta daɗe sau ɗaya, domin tsami yana cinye tutiya ya bar jan ƙarfe tsirara, faifan ya yi dabbare-dabbare jaja-jaja. Lemun tsami ko khal, wato binega, sun fi tsamiya kaifi, sai an sirka su rabi da rabi da ruwa.

Gishiri kuwa a'a. Inna tana goge tire da butar shayi da lemun tsami da gishiri da toka, suna fitowa fes, ban taɓa ja da ita ba. Amma tire ba ya kiɗa. Gishiri yana laɓewa cikin layukan, bayan 'yan makonni ka ga kore mai gari-gari ya tsiro, kuma shi wannan koren cin ƙarfe yake yi. Inda ya riga ya fito, a kankare shi da tsinken sakace, a shafa kwaɓaɓɓen bakin soda, a wanke.

Bayan tsamiya, cokali ɗaya na bakin soda a lita ɗaya ta ruwa don kashe sauran tsamin, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a tsane nan take da tsumma biyu, gaba da baya. Ɗigon da ya bushe da kansa tabo ne.

Har yau abin da ɗan Kawu ya yi yana cina. Baffa ya tafi sallar Juma'a, shi kuwa ya ɗauki wani tsohon faifai mai tambarin Istanbul, wanda sawun guduma ke kwance a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kai shi injin gogewa. Ya dawo yana ɗaukar ido kamar madubi. Zafin injin ya taɓa ƙarfen, layukan sun shafe, da aka buga sai ya yi kwal kamar murfin tukunya. Baffa bai ɗaga murya ba, maganar nan tasa kawai ya maimaita, shekaru ba a wanke su. Ɗan Kawu har gobe cewa yake mai kayan ya yaba. Ya yaba da ido.

Brasso ma, man goge ƙarfe na kanti, ina kaffa-kaffa da shi. Akwai abin kankara a cikinsa, baƙin da ke fitowa a tsumma kuma har da ƙarfen faifan.

Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ban sake ganin rumfar ba, amma ƙaramin abin hudar Baffa yana wurina. Da shi ake tsayar da tsaga: rami mai milimita 3 daidai ƙarshenta, a hankali, ana ɗiga ruwa kar ƙarfen ya ɗau zafi. Ɗan'uwa, duba bakin naka da kyau, a hoton kamar na ga alamarta ta gefen hagu. Maganar auren Yaya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.