Mako na uku: kalmar dicotyledonous ta fara zama a baki

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana kan kalmar nan da ke tsorata ɗaliban ilimin tsirrai. Haruffanta 14 ne, gaɓoɓinta shida kacal. Ƙamus yana yanka ta di-cot-y-le-don-ous, amma baki ba haka yake yanka ta ba. Ga yadda kunne ke jin ta: dai-ko-ti-LII-da-nas.

Kafin furuci, a jiƙa wake ya kwana, a murje ɓawon da yatsa. Zai rabe gida biyu. Waɗannan ɓari biyun su ne ganyen farko na tsiron, kuma su kalmar ke nufi: di a Girkanci biyu ne. Gyaɗa ma haka take. Masara da gero ba sa rabewa, su ne monocotyledonous, mai gaɓa bakwai.

Tuntuɓe na farko harafin c ne. Idon da ya saba da boko zai karanta shi kamar na "cokali", alhali a nan k ne. Sai di na farko, wanda ake cewa "dai", da y na tsakiya, wanda gajeren i ne, ba "ai" ba.

Babban aikin yana gaɓa ta huɗu. Hausa da karin sauti take tafiya, kowace gaɓa a ba ta haƙƙinta. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗora wa nauyi, saura su ƙanƙance. Don haka a ja LII kamar dogon wasalin farko na "rimi", sannan a sassauta. Don ɗin da ke biye ba "don" ɗinmu ba ne, "da" ne mara ƙarfi. Shi ma ous gaɓa ɗaya ce, "nas" a taƙaice. A kula kada harshe ya liƙa i a ƙarshe ya zama "nasi".

Dabarar da ta fi aiki ita ce ginawa daga baya: nas, danas, LIIdanas, tiLIIdanas, kotiLIIdanas, sai a ɗora dai. Kowane mataki sau biyar. Amfaninta shi ne nauyin yana zama wurinsa tun kafin kalmar ta yi tsawo. A sa bayan hannu ƙarƙashin haɓa yayin faɗa a hankali. In haɓar ta sauka sau bakwai, an raba ous ke nan.

Mako mai zuwa sai papilionaceous, siffar furen wake.