Bututun da ya sa na haƙa tsakar gida sau biyu

Wari ne ya fara tona asiri. Duk sa'ad da aka yi wanka ko wanke-wanke, sai gindin katanga daf da zaure ya jiƙe ya yi baƙi, sauro kuwa ya samu wurin zama. Uwargida ta yi magana har ta gaji. "Maigida, katangar nan fa tana ciwuwa," ta ce, tana nuna mini inda filasta ta kumbura tana zuba kamar gari. Ni kuma ina ta ɗora wa damina laifi. Sai da Oktoba ta wuce, ruwa ya ɗauke, wurin bai bushe ba, sannan na ɗauko diga da shebur.

Ban yi nisa da haƙa ba na tarar da shi: bututun roba mai inci 4 da ke kai ruwan banɗaki zuwa kwata, ya tsage ta sama kamar tsawon taƙi ɗaya. Na ce wannan ai ba sai an kira mai gyaran famfo ba. Na yanko tsohon tib ɗin babur na naɗe wurin tamau, na kwaɓa siminti na lafta a kai, na mayar da ƙasa, ina ta yi wa yara alfahari. Sati uku aka yi danshi ya dawo. Ashe siminti ba ya kama roba, zama kawai yake yi a kanta, ruwa na bi ta ƙarƙashi.

Karo na biyu na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano sayen guntun bututu, da soket biyu (gajeren bututun da ke haɗa bakuna biyu), da gam ɗin bututu, da bakin zarto. Dattijon da ke shagon ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, me ya fasa shi?" Na yi shiru. Ya ce in je in nemo wannan tukuna, in ba haka ba kuɗina zan binne.

Da na faɗaɗa ramin sai ga rabin bulo a ƙarƙashin bututun, daidai inda ya tsage. Wanda ya shimfiɗa shi tun farko bai zuba yashi ba, tokara kawai ya yi masa. Ƙasar da ke kansa ba ta kai taƙi ba, kuma a nan nake jingine babur kullum dare. Bulo na tokare da shi ta ƙasa, nauyi na danna shi ta sama, ina zai kai?

Yankan bai ba ni wuya ba. Na wuce ƙarshen tsagar da yatsa huɗu ta kowane gefe, na kankare bakin da wuƙa don kada gashi da dauɗa su riƙa maƙalewa. Inda na sha gumi shi ne saka sabon guntun. Gefe biyu na tsohon bututun a binne suke, ba mai motsi, kuma kowane soket yana da ɗan tudu a tsakiyar cikinsa da ke hana shi zarcewa. Wasu kan gasa bakin bututu a wuta ya buɗe, amma na ga yadda yake ƙonewa ya yi rauni, ban yarda da hannuna ba. Sai na zauna da magagari na goge tudun nan na soket ɗaya har ya riƙa zamewa a kan bututun, na yi alama da biro inda ya kamata ya tsaya.

Gam ɗin nan ba manna yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi su haɗe, shi ya sa ba ya son jiƙa ko ƙura, kuma ba ya jiran kowa. Na hana kowa zubar da ruwa tun safe, na goge wurin ya bushe ƙarau, na shafa ciki da waje, na tura na ɗan murɗa, na riƙe kamar rabin minti. Na ɗan yi nawa a soket na biyu, da ƙyar ya kai alamar. Ƙamshinsa ma har ka yake hawa, gara a yi shi a sarari.

Kafin binnewa na ja zare na duba gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, na cike ƙarƙashin da yashi mai laushi. Washegari ƙaramin ɗana ya juye bokiti uku a banɗaki, ni ina tsugune a bakin rami da busasshiyar takarda a ƙarƙashin mahaɗar, yayansa na waje yana ihun ruwa ya fito. Takardar ba ta jiƙe ba. Na rufe da yashi, sannan ƙasa, na dandaƙa a hankali.

Babur ya koma kwana a zaure. Katangar kuwa har yanzu da farin gishiri a gindinta, na bar ta ta sha iskar hunturu kafin in sake mata filasta.