Hajijiyar da ake magancewa da hannu

Yawancin masu zuwa wurinmu a Yamai da kukan hajijiya sun riga sun yanke wa kansu hukunci: hawan jini ne, ko ƙarancin jini, wasu ma su ce iska. Aiki a sashen kunne ya koya mini tambaya biyu kafin komai: yaushe take tasowa, kuma tana daɗewa? In mutum ya ce sai ya juya bisa gado ko ya ɗago daga sujada ɗaki ya kama juyawa, minti ɗaya bai cika ba ta lafa, to hankalina ya koma cikin kunne.

Can ciki akwai ƴan ƙwayoyin kalsiyam. Idan suka ɓalle daga mazauninsu suka faɗa ɗaya daga cikin lanƙwasassun bututu uku masu auna motsin kai, galibi na baya, da an juya kai sai su tura ruwan ciki, ƙwaƙwalwa ta ɗauka duniya ce ke juyawa.

Gwajin gano wannan hajijiya, wanda likitoci biyu, Dix da Hallpike, suka bayyana a Landan a 1952, ba ya son na'ura. Ka juya kan mutum digiri 45, ka kwantar da shi da sauri, kai ya ɗan rataya. Wuyar aikin tana ga ido. Wanda jiri ya ɗiba runtsewa yake yi, alhali rawar ƙwayar idon ce shaidarmu, kuma sai bayan ƴan daƙiƙu take fitowa. Shi ya sa bakina ba ya hutawa: "Baba, yi haƙuri, buɗe idonka, ina riƙe da kai."

Daga nan sai a bi da kan mataki-mataki har ƙwayoyin su koma gida, ko ta hanyar Semont, wani masani Bafaranshe, ta 1988, wadda mu ƴan karatun Faransanci muka fi sabawa da ita, ko ta Epley, wani likita Ba'amurke, ta 1992. Ina duba wuyan tsofaffi tukuna. Wanda kuwa yake gani biyu-biyu, ko harshensa ya yi nauyi, ko tafiya ta gagare shi, shanyewar jiki nake zargi, ba na ɓata masa lokaci.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne sallama. Hajiya ta warke, amma tana zaune tana jiran allura ko ƙarin ruwa: "Likita, shi ke nan?" Ƙwayar hana jiri ba ta mayar da ƙwayoyin nan mazauninsu. Nakan zana mata kunnen a takarda, in gaya mata abin yana iya dawowa, in ya dawo ta zo a sake juyawa.