Abin da Nake Dubawa Kafin in Sayi Cakulan

Mafi yawan abin da ake sayar mana da sunan cakulan a shagunan unguwa da teburan masu alawa, sukari ne da man alayyadi ko wani man itace, aka zuba musu garin koko don su yi launi da ɗan ƙamshi. Ba na raina shi, domin yara suna son sa kuma kuɗinsa bai kai ya kawo ba, amma wanda ya taɓa cin cakulan na gaske ba zai haɗa su ba. Shi ya sa duk lokacin da na ɗauki wani a kanti, bayan takardarsa nake fara juyawa in karanta jerin kayan haɗin, tun da ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa a ciki shi ake fara rubutawa. Idan sukari ne a farko, man itace na biye da shi, koko kuma yana can wajen ƙarshe, to na san abin da ke hannuna.

Asirin cakulan yana cikin man koko, wato kitsen da ake matsewa daga 'ya'yan kokon kansu. Wannan mai yana daskare a wuri mai sanyi, amma yana narkewa idan zafi ya kai kusan digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Saboda haka idan aka ɗora gutsure a kan harshe aka bar shi, da kansa zai narke ya bi baki ba tare da an tauna ba, kuma idan ya wuce ba ya barin maiƙo. Na man itace kuwa yakan manne a ganda, mutum ya yi ta bin sa da harshe. Akwai kuma gwajin kunne: cakulan mai kyau idan aka karya shi yana yin ƙas lokaci ɗaya, bakin karayar ya fita sumul, ba ya lanƙwashewa kuma ba ya marmashi.

Wannan saurin narkewar shi ne babbar matsalarmu a Kano. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, cakulan ɗin da ya kwana a shagon da ba wuta yakan narke da rana ya sake daskarewa da dare, sai man ya taso sama ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Ba lalacewa ya yi ba, ana iya cinsa, sai dai santsin ya tafi kuma ɗanɗanon ya ragu. Na koyi taɓa takardar a hankali kafin in biya: idan na ji layukan da aka tsaga a jikinsa sun shafe, ko ya taru a gefe ɗaya, sai in mayar da shi. Lokacin hunturu nake sayen masu tsada, don a lokacin ne nake da tabbacin abin zai iso gida yadda ya fito. A gida kuma, idan dole ta sa na saka shi a firji, cikin roba mai murfi nake rufe shi, domin cakulan yana jan warin duk abin da ke kusa da shi, kuma ba wanda yake son cakulan mai warin daddawa.

Mai madara shi ne wanda yawancinmu muka fara sani. Wani mutumin Switzerland mai suna Daniel Peter ne ya samo hanyar haɗa shi a garin Vevey a 1875, bayan shekaru yana fama da ruwan da ke cikin madara, wanda ba ya jituwa da man koko. A 1879 kuma Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro injin da ke murza cakulan tsawon sa'o'i har tsakuwarsa ta mutu, wanda shi ya kawo wannan laushin da muke ji yau. Ina cin mai madara idan ina son zaƙi kawai, amma ba ya daɗewa yake gundurata. Fari kuwa, wanda man koko ne da madara da sukari ba tare da garin koko ba, ban taɓa iya wuce gutsure biyu ba.

Baƙin cakulan ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma a kansa na fi kashe kuɗi. Lambar da ake rubutawa a gaba, kamar kashi 70 ko 85 cikin ɗari, tana nuna yawan abin da ya fito daga koko, gari da mai a haɗe, ragowar kuma galibi sukari ne. Wanda ya saba cin goro ba zai sha wahala da shi ba, domin tafiyarsu ɗaya ce: ɗaci a farko, sannan wani garɗi ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Ni a kashi 70 na tsaya. Na gwada na kashi 90 da ɗoriya, na ga ya fi kama da magani, kodayake ina da abokai da ke rantsuwa da shi. Abin da na lura kuma shi ne lambar ba ta faɗin komai game da kyawun 'ya'yan. Na ci iri biyu masu kashi 70, ɗaya yana da ɗan tsami mai daɗi irin na 'ya'yan itace, ɗayan kuwa ƙauri kawai yake yi. Bambancin yana farawa tun daga gona, inda manoma ke tara 'ya'yan su lulluɓe su da ganyen ayaba na kusan mako guda har su ruɓa yadda ake so, sannan a shanya su a rana. Idan an gaggauta wannan mataki, babu injin da zai gyara ɗanɗanon daga baya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Ivory Coast da Ghana su ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, Najeriya da Kamaru ma suna cikin manyan masu nomansa, amma cakulan ɗin da ke cike da kantunanmu daga Turai da Turkiyya da Dubai yake zuwa. A Ibadan har yau ga dogon benen Cocoa House da aka kammala a 1965 da kuɗin koko. Saboda haka idan wani zai je Accra ko Kumasi, saƙona ba ya wuce Golden Tree, cakulan ɗin da kamfanin sarrafa koko na garin Tema a Ghana ke yi. Yana da ɗan tauri, ba ya da santsin na Switzerland, amma ƙamshin koko a cikinsa a fili yake, kuma yana jure zafin hanya fiye da sauran. Mu ma 'yan arewa muna da hannu a wannan sana'a ba tare da mun sani ba, domin dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a saka wasu mayukan itace, bayan man koko, har kashi 5 cikin ɗari a cakulan, kuma man kaɗanya yana cikinsu.

Tun 2024, lokacin da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda cutar itatuwa da rashin kyawun yanayi a Ghana da Ivory Coast, sayen cakulan ya ƙara buƙatar lura. Ga faɗuwar naira kuma ta haɗu da shi. Wasu kamfanoni sun rage nauyi suka bar takardar yadda take, wasu sun ƙara cusa biskit da gyaɗa don a rage koko. Yanzu nauyin da aka rubuta nake kwatantawa da kuɗin, ba girman kwalin ba.

Masu ciko a ciki suna da nasu sharaɗin a wurina, musamman na cikin kwalayen kyauta da ake kawowa daga Turai, domin wasunsu giya ake zubawa a tsakiyarsu, don haka sai na karanta kafin in miƙa wa kowa. Wanda ake yayi yanzu, na Dubai mai fistashiyo (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) da kunafa (siraran zaren fulawa da aka soya), na ɗanɗana shi, yana da daɗin ƙaras-ƙaras a baki, amma zaƙinsa ya danne kokon, kuɗinsa kuma ya fi shi. Dabinon da aka lulluɓe da cakulan, wanda alhazai ke kawowa tsaraba, ya fi min shi nesa ba kusa ba, idan dai baƙin cakulan aka yi amfani da shi, saboda dabino ya riga ya zo da zaƙinsa, ɗacin kokon ne yake daidaita shi. Da shayi marar sukari nake cinsa bayan la'asar, kuma ba na kaiwa dare da baƙin cakulan, don yana ɗan hana ni barci.