Gwiwata da tudun Kumasi

Shekara 11 na yi a gidan aure a Kano, tafiyata ba ta wuce daga ɗaki zuwa madafa. In za ni unguwa, a ƙofar gida nake shiga adaidaita sahu. Sai da Maigida ya mai da cinikinsa na goro Kumasi ta ƙasar Ghana, muka tare a unguwar Aboabo, na san abin da zaman nan ya yi mini.

Garin hawa da gangara ne, matan zango kuma ba sa zama. Ranar da na fara bin maƙwabciyata kasuwar Kejetia, dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, a tsakiyar matakalar bene cinyoyina suka hau rawa kamar an zare mini laka. Na riƙe ƙarfe ina haki. Ta waiwayo ta ce, "Amariya ya gaji?" Hausarsu ke nan, mace ma "ya" ce. Na ce, "Mma, gwiwar ce." Saukowa ta fi hawa wuya. Da magariba sai da na dafa bango na tashi daga sujada, ni da ban kai arba'in ba.

Na ɗauka sanyin ƙashi ne. A asibiti likita ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta ce gaɓar lafiya lau, tsokar gaban cinya ce ta yi rauni. Ita ke riƙe gwiwa, in ba a sa ta aiki takan gaji da wuri, nauyin ya koma kan gaɓa. Ta ce ciwon gwiwa ya fi kama mata in shekaru sun ja, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na so babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Aikin da ta ba ni: in zauna a kujera in miƙe sau goma, ba dafawa, safe da yamma.

Yanzu nakan sauka daga trotro, ƙaramar bas ɗin haya, tun kafin unguwarmu, in ƙarasa a ƙasa.

Waɗanda ke tsaya mini a rai su ne 'yan matan kayayo, masu dakon kaya a kasuwa, da suka zo daga arewacin Ghana. Jiya wata ta ɗauko mini doya a kwano, ƙafafunta na karkarwa irin yadda nawa suka yi, ita kuwa aiki ne ya yi mata yawa. Na sa ta sauke, muka raba kayan biyu, muka hau tudun tare.