Kifayena sun yi mako shida ba ni

Alhamdulillah, na dawo na tarar da diskas ɗina shida, wato kifayen ado da nake kiwo a tanki, da rai. Wanda ke kiwon irin wannan kifi ya san ba ƙaramin abu ba ne. Asalinsu kogin Amazon ne, ruwa mai ɗumi suka sani, digiri 28 zuwa 30. Ni kuwa tafiyata ta faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da asubar Kano ke sa mutum neman bargo biyu.

Mako biyu kafin in tashi na fara koya wa ƙanena aikin. Tsorona ba yunwa ba ne, ƙoshi ne. Mai tausayi yakan zuba abinci har ya ruɓe a ƙasan tanki, ruwa ya lalace. Don haka na ƙulla abincin kowace rana a leda daban, na ɓoye sauran a ɗakin Hajiya. Ruwan canji kuma sai ya kwana a duro, ya yi ɗumi daidai da na tanki, sannan a canza kashi ɗaya cikin uku, sau biyu a mako.

Ranar da wuta ta yi kwana biyu babu, batir ya mutu, ruwan tanki ya yi sanyi, ƙanena ya kira ni da tsakar dare: "Yaya, sun yi baƙi, sun maƙale a lungu." Na ce ya cika gorunan roba da ruwan zafi ya saka a ciki, ya lulluɓe tankin da bargo.

Bargona ya ɗauka, har yanzu ƙarnin kifi yake.