Lambar da na sa wa matar mutane kafin a gama bincike

A ɗakin kati nake aiki, a wani asibiti a Gusau. Likita ya rubuta abin da ya gani, ni kuma in mayar da shi lamba bisa ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekarata shida a kai, amma fayil ɗaya ya hana ni barci har yau.

Yarinya ce daga wajen Tsafe, shekara uku da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Likita ya rubuta rashin haihuwa, ya sa alamar tambaya a gaba. Ranar katuna sun taru mini, sai na tsallake alamar na buga N97.9, wato rashin haihuwa na mace wanda ba a fayyace sababinsa ba. Lambar ta hau takardar da aka ba ta ta zuwa hoton mahaifa. Ƙanin mijinta ya duba lambar a waya, ya karanta wa uwarsu. Kafin sati ya zagayo sunanta ya koma juya, wai asibiti ma ya tabbatar.

Alamar tambayar nan! Da na tsaya na karanta tarihin da ke shafi na biyu, da na ga mijin ɗan ci-rani ne a Legas, sai Sallah da damina yake gida. Alhali ba a kiran abu rashin haihuwa sai an yi wata 12 ana saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba. Kuma ba a gwada shi ba ko sau ɗaya. Akwai Z31.4 ta wanda ake kan yi wa binciken haihuwa, ita ta dace, kuma na san ta sarai.

Sakamako ya zo daga baya. Hoton mahaifar, wato HSG, ya nuna bututun ƙwanta biyu a buɗe, don haka N97.1 ta matsalar bututu ba ta hau kanta ba. Gwajin jini na kwana 21 da fara al'ada ya nuna tana sakin ƙwai, N97.0 ta rashin sakin ƙwai ma ta fita. Da ƙyar aka shawo kan mijin ya kawo maniyyi, aka maimaita gwajin, duka biyun ƙwayoyin sun yi ƙaranci ƙwarai. Fayil ɗinsa ya ɗauki N46 ta rashin haihuwa na namiji, nata ya koma N97.4, wato matsalar daga ɓangaren namiji take. Ni ko wannan ba ta kwanta mini ba, don har yanzu a ƙarƙashin sunan mace aka ajiye ta.

Yanzu in na ga alamar tambaya, da ƙafata nake mayar wa likita fayil. In bai rubuta tsawon zaman tare da sakamakon miji ba, ba na taɓa N97. Wasu na cewa na cika naci, su faɗa.

Yarinyar ta zo karɓar takardar da aka gyara, lokacin tana gidan iyayenta wata na huɗu. Ta ce, “Yaya, ki rubuta mini da Hausa, yadda Inna za ta ji da kunnenta.” Na kai ta wurin likita, da izinin mijin ya rubuta ya sa hannu. Ban iya gaya mata ni ce na buga ta farkon ba sai da ta kai bakin ƙofa.